Darasin addini a makarantun Zariya masu haɗa Musulmi da Kirista: ina aka dosa?

A makarantar gwamnati ɗalibai suna zama aji ɗaya su yi lissafi, su yi Turanci, su yi kimiyya, ba a tambayar kowa inda yake ibada. Lokaci ɗaya ne a jadawali ajin yake rabuwa biyu, wato idan aka kaɗa ƙararrawar darasin addini. Musulmi su bi malamin IRK, wato ilimin addinin Musulunci, Kirista su bi malamin CRK, wato ilimin addinin Kirista. Haka abin yake a takarda, kuma a kan wannan takardar ake ta muhawara shekara da shekaru: a bar rabuwar, ko a haɗa yaran a koya musu addinai gaba ɗaya, ko a cire darasin a bar wa Islamiyya da coci. Wanda ya san yadda makarantun Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru suke gudana ya san ba a nan gizo yake saƙa ba. Rabuwar ba za ta tafi ko'ina ba nan kusa. Abin da zai yanke makomar darasin shi ne ko yaran da suka fi ƙaranci a kowace makaranta suna samun malami da ɗaki da maki na gaskiya, sannan ko malamin da ke gaban allo ya iya riƙe 'ya'yan ɓangarori daban-daban na addini ɗaya ba tare da ya mai da aji dandalin wa'azin ƙungiyarsa ba.

Doka ta riga ta rufe wasu ƙofofin. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, ƙaramin sashe na 2, ya ce ba za a tilasta wa duk wanda yake halartar wata makaranta ya karɓi koyarwar addini ko ya shiga wata ibada ba, in dai ta addinin da ba nasa ba ce, ko wanda iyayensa ko mai riƙonsa ba su amince da shi ba. Ƙaramin sashe na 3 kuma ya ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha. Waɗannan haƙƙoƙi ba sabbi ba ne, asalinsu yana komawa ga shawarar hukumar Willink ta 1958 da ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu, suka shiga tsarin mulkin samun 'yancin kai. A lura da abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: dokar ta kare yaro daga a ɗura masa addinin wani, amma ba ta fito fili ta ce wajibi ne gwamnati ta kawo masa malamin addininsa ba. A wannan giɓin yawancin matsalolin suke zaune.

Zariya ta daɗe da sanin wannan tambayar. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birni tun 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Kwalejin Alhudahuda ta faro tun 1910, Kwalejin Barewa kuwa da aka kafa a Katsina a 1921 ta sauka Zariya a 1949. Janar Yakubu Gowon ya tashi a Wusasa, ya yi makarantar mishan a can, sannan ya shiga Barewa cikin ɗalibai da mafi yawansu Musulmi ne. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena, kamar yadda St. John's ta Kaduna ta koma Rimi. Daga lokacin ne nauyin koyar da addinai biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya ya hau kan Ma'aikatar Ilimi kacokan, sai shirin UPE na ilimin firamare ga kowa na 1976 ya zo ya cika azuzuwa da yara fiye da malaman da ake da su.

An gwada taɓa tsarin daga Abuja, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya. Hukumar NERDC mai tsara manhaja ta sake fasalin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, aka fara aiki da ita a 2014, inda aka tara darussa biyar a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna addini da ɗabi'un ƙasa: ilimin addinin Kirista, ilimin addinin Musulunci, ilimin zamantakewa, ilimin zama ɗan ƙasa, da ilimin tsaro. Niyyar ita ce rage yawan darussan da ke kan yaro. Hukumar ta yi ta bayanin cewa kowane addini malaminsa daban, lokacinsa daban, amma bayanin bai shiga ba. A 2017 maganar ta fashe, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ƙorafi, jita-jita ta yaɗu cewa an cire CRK, su ma Musulmi da yawa ba su ji daɗin a cusa IRK cikin wani ƙunshi ba. A watan Yulin shekarar, a taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa da aka yi a Kano, aka amince a raba su kowanne ya tsaya da ƙafarsa, zamanin minista Adamu Adamu. Sabuwar manhajar da aka sanar a 2025 ma ta bar su haka, na Kirista ga ɗalibai Kirista, na Musulunci ga ɗalibai Musulmi. Idan haɗa suna kawai a takarda ya tayar da wannan ƙura, mai tunanin a haɗa yaran kansu a gaban malami ɗaya bai karanci ƙasar da yake magana a kanta ba.

To amma makarantun da kansu sun canza. Tun rikicin da ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya iso Zariya aka ƙona majami'u, sannan na shari'a a Kaduna a 2000, da na bayan zaɓen 2011, mutane suka riƙa neman gida a inda suke ganin nasu sun fi yawa. Masu hali kuma, na ɓangarorin biyu, suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, wasu na Islamiyya haɗe da boko, wasu na coci. Sakamakon haka makarantar da take rabi da rabi ta yi ƙaranci. Abin da ya fi yawa yanzu shi ne makaranta mai rinjayen ɓangare ɗaya da 'yan tsirarun ɗaya ɓangaren. A cikin birni da ƙauyukan kewaye tsirarun Kirista ne. A wasu makarantun coci na Wusasa da Sabon Gari, da makarantun gwamnati na kudancin jihar, tsirarun Musulmi ne. Aji mai yara 25 da 25 yana da sauƙin rabawa. Aji mai 45 da 5 shi ne mai wuya, kuma shi ne ajin gobe.

Lissafin jadawali zai nuna dalili. A ɗauka ƙaramar sakandare ce mai aji 1 zuwa 3, kowane mataki da rukuni huɗu, A zuwa D, azuzuwa 12 ke nan. A ɗauka kowane aji yana da darasin addini sau biyu a mako. Darussa 24 ke nan, wanda ya kai cikakken aikin malami ɗaya. A ɗauka kuma akwai yara biyar na ɓangaren tsiraru a kowane aji, 60 a makarantar duka. Idan mai tsara jadawali ya warwatsa darasin addini yadda ya ga dama, malamin tsirarun shi ma sai ya shiga sau 24, kowane shiga don yara biyar. Jami'in da ke rabon malamai zai duba ya ga ɗalibai 60 kacal, ga makarantun da ba su da malamin lissafi ko ɗaya, sai ya tsallake. Ba lallai ne ƙiyayya ta sa shi ba, ƙidaya ce. Amma uban yaron ba zai kira ta ƙidaya ba.

Akwai hanyoyin rage wannan nauyin, kowace da kuɗinta. Ana iya sa rukunan huɗu na mataki ɗaya su yi addini a lokaci ɗaya, sai malamin tsiraru ya tara yara 20 ya koyar, aikinsa ya dawo darasi shida a mako. Sai dai hakan na buƙatar malamai huɗu na ɓangaren masu rinjaye a tsaye a lokaci guda, abin da makarantu kaɗan ne suke da shi. Ana iya tara duk tsirarun a rukuni ɗaya tun ranar rabon aji. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ce mafi muni, domin kafin zango ya ƙare yara za su fara cewa ajin Kiristoci ko ajin Musulmi, an ɗauki rabuwar minti 40 an mai da ita ta shekara uku. Hanyar da ta fi dacewa da yawancin makarantu ita ce ta tsakiya: a raba tsirarun cikin rukuni biyu na kowane mataki, goma-goma. Malaminsu zai shiga sau 12 a mako, rabin aiki ke nan. Ragowar rabin ana cike shi ta hanya biyu. Ko dai ya koyar da darasinsa na biyu, tunda masu shaidar malanta ta NCE galibi da darussa biyu suke fitowa, kamar CRK da ilimin zamantakewa, ko Islamiyat da Hausa, ko kuma a ba shi makarantu biyu da ke kusa da juna, kwana biyu nan kwana biyu can. Wannan rabon ya ma dace da makon kwana huɗu da makarantun gwamnatin Kaduna suka koma a Janairun 2022. Sharaɗinsa shi ne shugabannin makarantun biyu su zauna su tsara jadawalinsu tare kafin a buɗe zango, a kuma rubuta rabon a takardar tura malamin, in ba haka ba kowace makaranta za ta ɗauka yana ɗaya makarantar, shi kuma yana gida.

Ɗaki ma magana ce. Al'adar da aka saba ita ce masu yawa su zauna, tsiraru su fita. Su fita zuwa ina? In babu ɗakin da aka rubuta a jadawali, gindin bishiya ne, kuma gindin bishiya ba ya aiki da damina, ba ya aiki da hunturun Zariya, ba shi da allo. Ɗakin karatu ko ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ba kowa a lokacin ya wadatar, amma sai an sa sunansa a jadawali kamar yadda ake sa sunan malami. Inda ba a yi haka ba abu biyu ke faruwa. Ko yaran su yi ta yawo a harabar makaranta, ko su zauna a bayan aji suna jin darasin da ba nasu ba don rana ta yi zafi. Na biyun ya fi haɗari, saboda babu wanda ya tilasta su da baki, amma rashin wurin zuwa ya tilasta su, kuma ranar da labari ya kai gida ba za a ba da shi da wannan bayanin ba.

Sai batun maki, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Ƙarshen zango ya zo, katin sakamako yana da gurbin addini, yaron bai ga malami ba tun farkon zango. Wasu makarantu su bar gurbin fayau, jimillar makinsa ta faɗi, matsayinsa a aji ya sauka ba da laifinsa ba. Wasu su ƙirƙiro masa maki. Wasu su ce ya rubuta jarrabawar ɗaya addinin tunda ai yana jin darasin, wanda wannan kam karya sashe na 38 ne ƙarara. Abin da ya kamata, in har an rasa malami, shi ne a raba jimillarsa da adadin darussan da ya yi da gaske, a rubuta dalili a katin, a kuma aika wa ofishin ilimi na shiyya rahoto a rubuce. Rahoton shi ne zai sa giɓin ya bayyana a lissafin ma'aikata. Makin ƙarya yana rufe giɓin, shekara mai zuwa ma ba za a turo kowa ba.

Wani kuskuren tun ranar ɗaukar ɗalibi ake yin sa: a kalli suna a yanke addini. A Zariya wannan ba ya aiki. Akwai Hausawa Kirista a Wusasa tun kaka da kakanni, masu suna Audu da Garba da Ladi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga cikinsu yake. Akwai Yarabawa Musulmi a Sabon Gari, akwai Yusuf da Maryamu da Dauda a ɓangarorin biyu. Fom ɗin shiga makaranta ya kamata ya ƙunshi layin da uba ko mai riƙo zai rubuta darasin addinin da yaro zai shiga, ya sa hannu. Wannan takardar ita ce garkuwar shugaban makaranta idan aka samu yaron da iyayensa addininsu daban, ko wanda yake hannun riƙo a gidan da ba addininsu ɗaya da iyayensa ba, ko wanda ya zo wata rana ya ce shi ya canza. A irin wannan hali na ƙarshe malami ba ya yanke hukunci, ba ya murna, ba ya tsawa. A kira wanda ya sa hannu.

Taron safe yana da nasa siraɗin. Yawancin makarantun da ke haɗe suna yin addu'a biyu, ko su riƙa karɓa-karɓa, kuma hakan yana tafiya lafiya muddin gajeru ne kuma ba a sa kowa ya maimaita abin da ba nasa ba. Matsala tana farawa idan addu'a ta zama wa'azi, ko aka gayyato mai wa'azi daga waje ya tsaya gaban ɗalibai duka. Baƙon mai wa'azi, na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS ne ko na ta ɗalibai Kirista ta FCS, wurinsa taron ƙungiyar, da izinin shugaban makaranta, da malami a zaune yana ji. Makarantun kuɗi na addini kuma su daina ɗauka cewa ƙaramin sashe na 3 ya share na 2. Na 3 ɗin ya ba su damar koyar da 'ya'yan al'ummarsu, bai ce duk yaron da ya biya kuɗin makaranta ya zama ɗan al'ummar ba. Abin da ya faru a Ilorin a 2021, inda gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma kan rikicin hijabi, da hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar hijabi ta Legas, sun nuna cewa irin waɗannan abubuwan da ake bari a kan al'ada ƙarshensu kotu ko ƙofar makaranta a rufe.

Duk wannan tsakanin addinai biyu ne. Akwai rabuwa ta biyu da jadawali ba ya nunawa, kuma a Zariya tana iya fin ta farkon zafi. Ajin IRK ɗaya yana ɗauke da ɗan gidan Tijjaniyya, da ɗan gidan Ƙadiriyya, da ɗan Izala, da wanda ya taso a makarantun Salafiyya na Tudun Wada, da wanda iyayensa suke Shi'a. Ajin CRK ɗaya yana ɗauke da ɗan Katolika, da ɗan Angilika, da ɗan ECWA, da ɗan Baftis, da na majami'un Fentikos. Manhajar ba ta ɗauki ɓangare ba. Ta Musulunci tana tafiya a kan Alƙur'ani da zaɓaɓɓun hadisai da tauhidi da fiƙihu da tarihi, ta Kirista kuma tana bin nassin Littafi Mai Tsarki. Amma yaro ba ya tambayar manhaja, malami yake tambaya. Malam, ƙabalu ne daidai ko sadalu? Maulidi bidi'a ne? Me ya sa littafin su wane yake da littattafai 73 namu 66? Baftismar jariri ta yi, ko sai an girma an nitsar da mutum a ruwa?

Malamin da ya san aikinsa yana da amsa iri ɗaya ga duk waɗannan: ya faɗi abin da kowane ɓangare yake yi da hujjar da yake kafawa, cikin kalmomin da mai wannan ra'ayin zai yarda cewa an faɗi nasa daidai, ya nuna abin da jarrabawa take nema, sannan ya mayar da hukuncin ga gida da malamin gida. Wannan ba tsoro ba ne, sanin iyakar kujerar da aka ba shi ne. Albashinsa daga harajin kowa yake fitowa. Wanda ya kasa haka, ya tsaya yana kafirta kakannin rabin ajinsa, ko yana yi wa wata coci ba'a, ya yi ɓarnar da ta fi ta rashin malami, don rashin malami jahilci kawai yake bari. Kuma da wuya mai duba makarantu ya kama shi, saboda littafin shirin darasinsa tsaf yake, abin da ya faɗa da baki ne ba ya cikin littafin. Shugaban sashe da yake shiga aji ba sanarwa, da akwatin ƙorafin da iyaye suka san ana buɗewa, sun fi duba takarda amfani a nan.

Daga nan ne ake gane ainihin amfanin darasin, wanda masu cewa a cire shi ba su lura da shi ba. Gaskiya ne ba a makarantar boko yaro yake koyon addininsa ba. Darasi biyu na minti 40 a mako, cikin makonni goma na koyarwa ta gaske a zango, bai wuce awa 13 da 'yan mintoci ba. Yaron da yake zuwa Islamiyya awa biyu da yamma, Asabar zuwa Laraba, yana cinye wannan cikin ƙasa da mako biyu, ban da makarantar allo da asuba. Ɗan Kirista yana da makarantar Lahadi da katikizim da taron matasa. In don alwala da haddar addu'o'i ne, darasin boko maimaici ne. Amma Islamiyyu da coci-coci kowace ta ɓangarenta ce. Ajin IRK na makarantar gwamnati kusan shi kaɗai ne wurin da ɗan Izala da ɗan ɗarika da ɗan Shi'a suke zama a benci ɗaya su karanta hadisi ɗaya a gaban malami ɗaya. Haka ajin CRK ga ɗan Katolika da ɗan Fentikos. Wanda ya cire darasin ya rufe wannan wurin, kuma ba shi da wani da zai buɗe a madadinsa.

Akwai kuma amfanin jarrabawa, wanda iyaye suka fi gani. Darussan biyu suna cikin WAEC da NECO da JAMB, kuma masu neman karatun lauya ko shari'a a harabar ABU ta Kongo suna yawan dogara da su. Ɗalibai suna ɗaukar su a matsayin maki na ɓagas, shi ya sa faɗuwa take ba su mamaki. Dalilin faɗuwar sananne ne ga masu duba takardu: yaro ya san abin da Hausa da Larabci, amma an ce ya rubuto sura, ya fassara da Turanci, ya ciro darussanta, sai ya tsaya a hadda. A ɓangaren Kirista kuma yaro ya rubuta wa'azin da ya ji ranar Lahadi a maimakon labarin yadda nassi ya kawo shi. Malamin da ya fahimci haka zai rage karanto bayani ana kwafa, ya ƙara sa yara rubutu da hannunsu. Masu bin layin Larabci zalla suna da tasu hanyar ta hukumar jarrabawar Larabci da Islamiyya, NBAIS, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Cibiyar Ilimi ta ABU kafin ta tsaya da kanta.

Masu son a haɗa aji sukan kawo misalin ƙasashen waje, amma misalan ba hanya ɗaya suka nuna ba. Ingila tana koyar da darasi ɗaya ga kowa a makarantun hukuma, dokar 1988 ta ce ya fi karkata ga Kiristanci tare da la'akari da sauran manyan addinai, iyaye kuma suna da damar cire ɗansu. Faransa ta fitar da darasin daga makarantun gwamnati tun 1882, ban da yankin Alsas da Mosel. Jamus ta rubuta a tsarin mulkinta cewa a koyar da shi bisa aƙidar kowace al'umma, ko da yake birnin Hambag yana tara yara duka a aji ɗaya. Ghana tana da darasi ɗaya da ya haɗa Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya. Ƙasar Norway ta gwada darasin dole ga kowa, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta same ta da laifi a 2007 saboda ya karkata ɓangare ɗaya kuma fita daga cikinsa da wuya. Wadda ta fi kusa da halinmu ita ce Indunusiya, inda dokar ilimi ta 2003 ta ba kowane ɗalibi haƙƙin koyon addininsa daga malamin da yake bin wannan addinin. Wannan jimlar ce babu a dokokinmu. Majalisar Dokokin Kaduna tana iya rubuta irinta, ta ƙara da adadin ɗaliban da in sun kai dole a turo malami, da abin da za a yi in ba su kai ba.

Duk da haka masu son haɗawar suna da gaskiya a wuri ɗaya. Yaro yana iya gama sakandare a Samaru bai san me ya sa abokin zamansa yake azumin kwana 40 kafin Ista ba, ɗayan kuma bai san me ya sa ake yanka rago da Babbar Sallah ba, alhali labarin Annabi Ibrahim yana cikin manhajojin biyu. Abin da bai koya a aji ba zai koya a Facebook da TikTok daga bakin wanda ya fi kowa zafi. Wurin gyara wannan ba lokacin IRK da CRK ba ne, don duk abin da aka saka a nan za a karanta shi a matsayin koyar da aƙida. Wurinsa darasin zamantakewa da na tarihi, inda ajin yake a haɗe dama. Bayani ne na sanin maƙwabci: ranakun bukukuwa da dalilinsu, abin da ake ci da wanda ba a ci, yadda ake gaisuwar mutuwa a kowane gida, kalmomin da suke zagi ne ko da mai faɗa bai nufa ba, tarihin Wusasa da na malaman cikin birni a matsayin tarihin gari ɗaya. Ba a karanta nassi don ibada, ba a tambayar wanne ne gaskiya, ba a kai yara masallaci ko coci sai da takardar iyaye. Makonni biyu ko uku a shekara sun isa, kuma ya fi kyau malaman addinin biyu su duba abin da za a faɗa kafin a shiga aji, a kuma karanta wa iyaye shi a taron PTA tun ba su ji shi a bakin yara ba.

Wannan duka yana komawa kan wanda ake horarwa a makarantun horar da malamai na Zariya da tsangayar ilimi ta ABU. Ɗalibin Islamiyat da na CRK suna iya shekara uku a haraba ɗaya ba su taɓa zama kwas ɗaya da ya shafi aikin da za su yi kafaɗa da kafaɗa ba. Kwas guda na zango ɗaya zai rage da yawa: sashe na 38 da abin da yake nufi a aji, tsara jadawalin makaranta mai tsiraru, amsa tambayar saɓani, da matakin da ake ɗauka a awa ta farko idan yaro ya zo da ƙarar cewa an zagi addininsa, wato a raba yaran, a rubuta abin da kowa ya ce, a sanar da shugaban makaranta, a kira iyaye kafin a tashi. Jihar Kaduna da ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan gwajin 2017 ta nuna tana iya taɓa harkar malamai in ta so. Abin da ya rage mata a wannan fannin ƙarami ne a kan wancan: ta ƙirga ɗaliban kowane addini makaranta-makaranta, ta ɗora lissafin a kan jerin malaman IRK da CRK da take biya, ta fara tura malamai daga makarantun da suka taru uku-uku zuwa waɗanda gurbin addini a katin yaransu yake fayau.